Burushin haƙori da fostar 1939

Sana'ata zanen fosta ne a kwamfuta, amma a hutun da ya wuce na ɗauki alkawarin zana guda ɗaya da hannu. Na zaɓi wadda Joseph Binder, ɗan asalin Austiriya, ya yi wa baje kolin duniya na birnin New York a 1939. Abin da ke cikinta kaɗan ne: hasumiya mai tsini da ake kira Trylon, ƙaton dunƙulen gini mai kama da ƙwallo da ake kira Perisphere, sai hasken fitilu yana keta sararin dare. Na ce a raina wannan ai aikin yamma ɗaya ne.

Ashe ba haka ba. Kwana tara na yi ina fama.

Wahalar farko inuwa ce. A jikin ƙwallon nan launi yana tashi daga haske ya nutse cikin duhu a hankali, ba ka ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Masu zanen wancan zamani da ɗan bututun feshin fenti mai aiki da iska suke yin wannan, ni kuwa ba ni da shi. Sai na yanka kwali da reza, na rufe ko'ina ban da da'irar, na tsoma tsohon burushin haƙori a fenti ina karce shi da babban yatsa. Karon farko fentin ya yi ruwa, ya zurara ƙarƙashin kwalin, ƙwallon ya koma kamar ƙwai da ya fashe. Sai a takarda ta huɗu na gane: fenti mai kauri, burushi kusan a bushe, hannu nesa da takarda, kuma a bar kowane feshi ya sha iska kafin a ƙara wani. Farcena ya yi mako yana shuɗi.

Ta biyu ta fi ba ni kunya. Hannuna ya saba da cika fili, don haka na ƙara taurari da tagogi da wani launi kore. Nan take fostar ta mutu. Da na koma na duba ta Binder, sai na ga jiragen sama da jirgin ruwa da dogayen benayen birnin duk ya ƙanƙantar da su, domin gine-ginen biyu su mamaye ido. Launukan ma akwai dalilin ƙarancinsu: a ɗab'in lokacin kowane launi da farantinsa, ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Haka na goge koren.

A cikin binciken ne na ci karo da baje kolin daular Ingila da aka yi a unguwar Wembley ta birnin Landan a 1924, inda aka gina wa Afirka ta Yamma gari mai ganuwa irin ta Kano, aka kai masu sana'a suna aiki 'yan kallo na kallonsu. Alamar bikin kuwa zaki ce. Abin ya tsaya mini a rai, ban ji sha'awar kwaikwayon wannan ba.

Fostar tawa tana rataye a shago yanzu. Tsinin hasumiyar ya ɗan karkace hagu, kuma duk wanda ya shigo, a nan idonsa ke fara sauka.