Asabar, ranar da sabobinmu suka hau Debian 12.5

Tun da na dawo daga sallar asuba ban koma barci ba, raina duk yana kan aikin yau. Sabobi goma sha bakwai gare mu, ƙananan kwamfutoci ne da ke ajiye bayanan marasa lafiya a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, daga nan wajen Ringim har can Garki da Babura da gefen Maigatari, dukkansu Debian 12 ce a kansu, wato tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfutocin. Ranar 10 ga Fabrairun nan na 2024 aka saki sabuntawarta ta 12.5, ni kuma da gangan na bari sati guda ya wuce. Shekaranjiya oga ya kira ni yana cewa Injiniya me ake jira ne, na ce ranka ya daɗe ka tuna Disambar da ta wuce, 12.3 ana dab da sakinta aka gano matsala a kanel 6.1.64, wato zuciyar tsarin, da ke iya lalata bayanai a ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai, har sai da aka fasa ta gaba ɗaya aka fitar da 12.4 a madadinta. To mu duk sabobinmu ext4 ne, kuma abin da ke ciki sunayen mata masu awo ne da katin rigakafin yara. Ya ce shi kenan, yi yadda ka gani.

Shi wannan ƙaramin sabuntawar ba sabon tsari ba ne, bookworm ɗin ce dai, wato laƙabin Debian 12, an tattaro gyare-gyaren tsaro da na kurakurai ne wuri guda. A birni mutum zai buga apt, umarnin girka manhajoji, ya tafi shan shayi. Mu nan abin da yake ba ni tsoro shi ne sake kunnawa, don in saba ta kwanta ba ta tashi ba babu wanda zai taɓa ta sai ni, kuma wata tafiyar awa biyu ce a kan mashin cikin yashi.

Shi ya sa jiya da daddare, lokacin da netwok ya ɗan sake, na sa Ansible, manhajar da nake ba sabobin umarni da ita daga nesa, ya bi su ta amintacciyar hanyar WireGuard ya sauke fakitocin sabuntawar kawai ya ajiye, kada ya girka komai. Girkawar na bar ta sai yau da hantsi da rana ta buɗe, saboda duk da sola suke aiki kuma ƙurar hunturun nan ta rufe farantan, batir ba ya cika kamar da. In wuta ta yanke ana tsakiyar girkawa, dpkg mai girka fakitocin ya tsaya rabi da rabi, wannan wahalar na taɓa shan ta sau ɗaya kuma ba na fatan maimaitawa.

Ƙarfe goma na shimfiɗa tabarma a zaure, nan ne kawai sabis yake kamawa sosai a gidanmu, Inna ta aiko min da koko da ƙosai. Na fara da sabar gwaji da ke gabana, ta hau lafiya, na duba debian_version, fayil ɗin da ke nuna lambar, na ga 12.5, manhajar rajista ta buɗe. Sai na saki sauran amma uku-uku, na sa serial, wato adadin da Ansible zai ɗauka a lokaci guda, a kan 3, kuma na rubuta cewa in ko ɗaya ta gaza a tsaya cak kada a wuce rukuni na gaba. Wallahi zaman kallon baƙin sikirin ɗin nan yana da nauyi, layi kore ya fito, ruwan ɗorawa ya fito, sai a zo wurin sake kunnawa komai ya yi tsit, kai dai kana ƙirga daƙiƙu kana salati har saba ta amsa.

Rukuni uku suka wuce ba ko tangarɗa. A na huɗu biyu suka dawo, ɗaya shiru. Minti biyar, minti goma, sai ja ya fito, aikin ya tsaya kamar yadda na tsara. Ta can bayan Babura ce, wadda ta fi kowacce nisa.

Na kira malamar da ke kula da wurin, Allah Ya sa tana nan ba ta tashi ba. Na ce Malama don Allah ki leƙa ɗan akwatin nan da ke kan kanta, fitila tana ci? Ta ce tana ci Injiniya, shuɗiya, fanka ma tana juyawa. Hankalina ya ɗan kwanta, ke nan ba wuta ba ce. Na roƙe ta ta jona tsohon sikirin da ke sito, ta sha fama da wayar kafin ta gane ramin, ga wata mata da jariri tana jiran ta, na ce ki sallame ta tukun ni zan jira. Da ta dawo ta karanto min abin da ke rubuce a hankali harafi bayan harafi, ashe kwamfutar ko Debian ba ta kai ba, ta tsaya tun a BIOS, matakin farko na tashin kwamfuta, tana cewa agogo ya ɓace a danna F1. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, shi ne ya mutu, kuma da yake sabar ta daɗe ba a kashe ta ba babu wanda ya sani. Kibod kuma babu a wurin! Sai da ta aiki ƙanenta a keke ya aro a shagon mai buga takardu a bakin kasuwa. Ta danna F1, ina riƙe da waya ina jin numfashinta, can sai ga sabar ta amsa min a nan zaure. Na ce Allah Ya saka da alheri Malama, ta ce amin, ai aikinmu ne duka.

Agogon ya koma shekarun baya, na jira ya daidaita da intanet kafin na bar manhajar ta tashi, don kada a yi wa yaro rajista da kwanan watan da ba a haife shi ba. Wannan abin ya tsaya min a rai sosai, sabobin nan kusan lokaci guda aka sayo su, in batirin ɗaya ya mutu to na sauran ma suna hanya.

Biyar ɗin da suka rage na rage su zuwa ɗaya-ɗaya, kuma kafin kowacce sai na kira mutanen wurin na tabbatar akwai wanda ke kusa. Ya ci lokaci, azahar ta same ni a kai, na je masallaci na dawo na ci gaba. Wajen la'asar ta ƙarshe ta dawo, na bi su duka na tambayi lambar, sha bakwai suka amsa 12.5.

Na tura wa oga saƙo cewa an gama, na haɗa da roƙon kuɗin batir sha bakwai da kibod ko da biyar ne, da kuɗin mai. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu Babura zan fara zuwa, da sukundireba da tsumman goge farantan sola, na kuma ce wa Inna ta ɗaura min ƙullin ƙuli-ƙuli in kai wa Malama.