Daƙiƙa uku a gefen dutsen Fort William

Baba mai gyaran keke da ke kusa da kasuwar Wunti a Bauchi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Tun ina firamare shi ke yi mini faci, har yau kuma "ɗan nan" yake ce mini duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemuna. Ranar da na kai masa keken ƙanena ya duba birki, sai na miƙa masa wayata ya kalli bidiyon tseren keken dutse da na ɗauko a Sikotland. Ya kalla sau biyu, ya goge hannu a tsumma, ya ce, "Ɗan nan, wannan ce gangarar da ka biya kuɗi ka je kallo? Ai yaran Dutsen Tanshi sun fi haka da keken haya."

Ban yi masa musu ba, don ni ma haka na ɗauka kafin in je. Waya ba ta faɗin gaskiya a kan gangara. Shimfiɗe dutse take yi ya koma kamar filin Idi.

A watan Agustan 2023 ina karatun digiri na biyu a Glasgow, lokacin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta tattara gasanninta na kambun duniya ta kawo Sikotland, daga ranar 3 zuwa 13 ga wata. Tseren gangarowa daga kan dutse an kai shi Fort William, garin da ke gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Birtaniya da mita 1,345. Tun 2002 aka fara zuwa can gasar kofin duniya, wata gasa ta daban da ake yi zagaye-zagaye a wurare da dama kowace shekara, saboda haka mutanen garin sun saba da baƙi. Wani abokina ɗan Gombe, wanda keke ya shiga jininsa tun yana yaro, shi ya sayo mana tikitin ranar ƙarshe, Asabar 5 ga wata, ya ce ko ina so ko ba na so sai na raka shi.

Muna idar da sallar Asuba muka kama hanya. Tafiyar wajen awa uku ce, ta bakin tafkin Loch Lomond da kwarin Glencoe. Ba a kai mota har bakin dutsen a irin wannan rana. A wajen gari ake ajiyewa, a hau bas ta ƙarasa da mutum.

Tun a bas ɗin na gane na yi wauta. Kowa da takalmin hawan dutse mai kaushin ƙasa, ni kuwa kambas ɗin zuwa aji na sa, ƙasansa sumul. Abokina ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, yau kai ma za ka shiga gasar, sai dai ba da keke ba." Bakinsa ya kama ni. Sau uku na sha ƙasa kafin Azahar.

Ana hawa dutsen ne, wanda ake kira Aonach Mor, a cikin wasu akwatuna da ke rataye a igiyar ƙarfe, su kai mutum sama kusa da inda 'yan tsere ke tashi. Layin shiga ya ci mana lokaci sosai, gara a yi sammako a hau kafin jama'a su cika. Daga sama hanyar tseren ba ta kai kilomita 3 ba, amma a wannan ɗan tsakanin tana sauka mita 555. Mu da ƙafa, muna bin gefen igiyar ledar da aka kewaye hanyar da ita, muna tsayawa kallo, sai da muka yi sama da awa biyu. Su kuwa, gwanayensu ba sa cika minti biyar.

A wani wuri mai manyan duwatsu muka fara tsayawa, kuma nan ne na ga abin da wayata ta kasa nuna wa Baba. Wurin da ni sai na dafa da hannu, na juya baya, na sauka kamar mai saukowa daga rumbu, shi mutum ke faɗowa a kai da keke. Kafin ka gan shi za ka ji usur. Masu tsaron hanya ne jere a kan dutsen, kowa ya busa idan ɗan tsere ya wuce shi, sai ka ji busar tana gangarowa tana matso ka. Sai ƙarar taya a kan dutse, dif dif dif, kamar ana dakan gero a turmi uku lokaci ɗaya. Sai ga shi, fuska a rufe cikin hular kwano, duwawu a bayan sirdi, keken na lanƙwasa a ƙarƙashinsa. Daƙiƙa uku, ya ɓace. Ka yi tafiyar awa uku, ka sha layi, ka sha taɓo, rabonka a kowane mutum daƙiƙa uku ne. Da farko na ɓata su wajen ɗaga waya. Daga baya na mayar da ita aljihu, a nan na fara ganin yadda gwani ke zaɓar layinsa tun daga nesa, da yadda ba ya taɓa birki a kan saiwar itace mai santsi sai ya wuce ta.

Can ƙasa cikin dajin, inda saiwoyi suka yi saƙa a cikin laka, wata ta faɗi a gabanmu. Ta miƙe, ta matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinta, ta murɗa kan keken ya daidaita, ta haye ta wuce. Dariya ta kama ni. Haka muke yi a Bauchi in muka faɗi a kan Rali ɗin babanmu muna tsoron a gane.

Ba wanda ya gargaɗe ni game da ƙwarin wurin. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne, ba su kai sauro ba, amma a tare suke zuwa kamar hayaƙi, su shiga kunne da gashin kai. Da iska ta tsaya sai su taso. Na ga Turawa sun rufe kai da raga, na yi musu dariya, ba a yi awa ɗaya ba na koma neman inda ake sayarwa. Ga hayaniya: ƙararrawar shanu, ƙaho, har da injin yankan itace da aka cire wa sarƙa ana tayar da shi don ƙara kawai. Da lokacin salla ya yi muka matsa bayan wasu itatuwa, muka shimfiɗa rigar ruwa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Guzurinmu na burodi da kifin gwangwani shi ya cece mu, don layin abinci ma tsere ne mai zaman kansa.

Matsalar tsayawa a kan dutse ita ce ba ka san wa ke kan gaba ba. Ɗaya bayan ɗaya suke saukowa, agogo ne alƙali, intanet kuma ta cushe saboda yawan jama'a. Sai da muka sauka muka ji cewa Valentina Höll 'yar Ostiriya ce ta ci na mata. Shi ya sa shawarata ga mai zuwa ita ce ya kalli gwaji da zagayen farko a sama, ya tabbatar ya iso ƙasa kafin manyan gwanaye su fara, don su ake bari ƙarshe.

A ƙasan akwai babban allo da ke nuna lokacin kowa, kore in ya fi na gaba sauri, ja in ya gaza. Wanda ke kan gaba ana zaunar da shi a wata kujera a bainar jama'a, yana kallon masu zuwa tsige shi. Ruwa ya sauko, hanya ta ƙara santsi. Charlie Hatton ɗan Birtaniya, wanda bai taɓa cin ko zagaye ɗaya na kofin duniya ba, ya sauko a minti 4 da daƙiƙa 26 da 'yan kai, ya hau kujerar. Manya suka riƙa zuwa allo na yin ja. Andreas Kolb, abokinsa na ƙungiya ɗaya, shi ya zo na biyu da ratar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Da na ƙarshe ya tsallaka layi, wani tsoho da ban sani ba ya rungume ni yana ihu, ni da rigata duk taɓo.

Duk wannan na kwashe na faɗa wa Baba, yana ta ɗaure waya da filaya bai ɗago ba. Abin da ya ɗago da kansa shi ne da na ce keken nasu sifirin ɗinsa na gaba da na baya kowanne na nutsewa kusan santimita 20, birkin kuma faifai ne, da mai yake aiki kamar na mota.

"Birkin keke da mai?" ya ce. "Sake nuna mini."

Na tsayar da bidiyon daidai tayar gaba, na buɗa hoton. Ya kawo wayar kusa da ido ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini, ya juya tayar keken ƙanena, ya matse birki ta tsaya cak.

"Na wannan dai roba ce ta cinye. Kawo kuɗin sabuwa."