Wasiƙar da ɗan maƙwabcina ya kawo mini in duba

A makon jiya ɗan maƙwabcinmu a nan Jidda, wanda ya kammala karatun shari'a a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ya tare ni bayan sallar isha'i da takardu biyu a hannunsa, ya ce, "Baba, don Allah a duba mini waɗannan kafin in aika." Ɗaya ita ce takardar tarihin karatu da aiki, wadda muke kira sira zatiyya, ɗayar kuma wasiƙar da za ta raka ta zuwa ofishin lauyoyi. Na daɗe ina aikin mai ba da shawara kan shari'a a wani ofishi, kuma sau da yawa ni ake miƙa wa irin waɗannan takardu in tace.

Rabin shafin wasiƙar ya tafi a sallama da addu'a da yabon ofishin, sauran kuma ya ce shi mutum ne mai ƙwazo da gaskiya da son aiki da jama'a, alhali ban taɓa ganin mai neman aikin da ya rubuta cewa shi malalaci ne ba. Watanni takwas da ya yi yana koyon aiki a wani ƙaramin ofishi kuwa ya dunƙule su cikin jimla guda: "Na taimaka a shari'o'i daban-daban."

Da na zaunar da shi na tambaye shi abin da hannunsa ya taɓa a watannin nan, sai ga magana tana fitowa. Ashe shi ne yake tsara takardun ƙara na ma'aikatan da suka sami saɓani da iyayen gidansu, shi yake shigar da takardu ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a, kuma ya halarci zaman sulhun da ake yi kafin a tura rigimar ƙwadago kotu. Shi ne kuma yake lissafa kuɗin sallama, wato rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Har tafinta ya yi wa wasu Hausawa da Larabcinsu bai kai na kotu ba. Na ce masa, "To ɗana, me ya hana ka rubuta wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce ai an ce yabon kai jahilci ne.

Wannan kunyar tarbiyya ce mai kyau, amma a nan an ajiye ta ba a gurbinta ba. Wanda ya ce "ni gwani ne" ya yabi kansa, wanda kuwa ya ce "na tsara takardar ƙara a rigimar albashi, lauyan da ke kula da ni ya gyara ta, aka shigar" shaida ya bayar, kuma lauya ya san darajar shaidar da za a iya bincika. Abin da nake nema shi ne irin shari'ar, da kotun da ta je, da ainihin rabon mai takardar a cikin aikin.

Akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, masu ambaton sunan wanda ofishinsu ya kare da adadin kuɗin da ake jayayya a kai don su burge mai karatu. Dokar aikin lauya ta hana tona sirrin wanda ya ba ka amana, don haka irin wannan takarda gefe nake ajiye ta. "Wani kamfanin gine-gine" ya wadatar.

Na kuma ja hankalinsa ga yadda fagen ya canja. Gyaran da aka yi wa dokar aikin lauya a 2022 ya rage lokacin ƙwarewar da ake buƙata daga mai digirin farko kafin ya sami lasisin lauya zuwa shekara 2 maimakon 3, ya kuma buɗe wa ofisoshin ƙasashen waje ƙofa, har Clifford Chance da Latham & Watkins da Herbert Smith Freehills suka karɓi lasisi a 2023. A shekarar ce aka fitar da dokar mu'amalolin farar hula, sabuwar dokar kamfanoni ma ta fara aiki, kuma matashin da ya nuna ya yi aiki da su yana da abin faɗa ko a gaban tsofaffin hannu. Wasiƙar da za ta je irin waɗannan ofisoshin ƙasashen waje da Turanci ake rubuta ta tun daga tushe, gajera, tana faɗin dalilin zaɓen wannan ofishin musamman. Ya kamata kuma mutum ya bayyana matsayinsa tun da wuri, ɗan ƙasa ne ko mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, tunda lasisin lauya na 'yan ƙasa ne, kuma da yawa daga cikin yaranmu da aka haifa a Makka da Jidda ta hanyar aikin ba da shawara suke shiga.

Bayan kwana biyu ya dawo da sabuwar wasiƙa mai sakin layi uku, ya kuma sa Hausa cikin harsunan da yake ji, bayan Larabci da Turanci. Addu'ar da ta cinye rabin shafi ta koma layi ɗaya a ƙarshen wasiƙar. Ya tambaye ni ko ya goge shi, na ce ya bar shi.