Teburin yaƙi a Nottingham

Mai shirin zuwa Ingila ana gaya masa tsadar haya, ana gaya masa sanyi, amma ba a cika gaya masa cewa wurin zama da mutane shi ne zai fi yi masa wuya ba. A Zariya in ka idar da la'asar ba ka tunanin inda za ka nufa. Ga dakali, ga majalisa, ga mai shayi. A nan ba mai yi wa wani sallama a ƙofa sai an tsayar da rana da lokaci, maƙwabcinka kuma zai yi ta yi maka murmushi a bakin ƙofa alhali ko sunanka bai sani ba. Ba mugun hali ba ne, haka suka taso.

Na zo Nottingham da bizar masu aikin kula da marasa lafiya, na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, yawanci dutin dare. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, saboda haka mai aikin dare yana iya farkawa ya tarar hasken ranar ya kusa ƙarewa. Masallaci ya riƙe ni, alhamdu lillahi, sai dai da an sallame Juma'a kowa sauri yake ya koma bakin aiki. Waya da gida tana rage kewa, amma ba ta zama a madadin mutumin da ke gabanka.

Akwai wani dattijo da ke zuwa kullum duba matarsa a wurin aikinmu. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, sau da yawa ba ta gane shi. Yakan zauna gefen gadonta ya buɗe wani ɗan akwati, ya ɗauko sojan roba da bai wuce gaɓar yatsa ɗaya da rabi ba, ya riƙa shafa masa fenti da buroshi mai bakin allura yana yi mata hira. Tsohon mahaƙin kwal ne. Yankin nan ƙasar kwal ce a da, ramin ƙarshe na lardin, Thoresby, sai a 2015 aka rufe shi. Ina ce masa Baba, tun yana mamaki har ya saba. Wata rana da na tsaya kallon hannunsa ya ce, "Ɗana, daren Talata kana aiki?" Na ce a'a, Baba. Ya rubuta mini adireshin wani zauren taro na unguwa a bayan takarda.

A lokacin ban san garin da na sauka shi ne cibiyar wannan harka ta wasan yaƙi a kan tebur ba. Kamfanin Games Workshop mai ƙera irin waɗannan ƙananan sojoji, wanda ya fara a Landan a 1975, hedikwatarsa tana unguwar Lenton a nan Nottingham, kuma mutane na tasowa daga ƙasashe su zo ganin zauren wasanninsa, Warhammer World. Waɗanda suka koyi sana'ar a can sun fita sun kafa nasu: Warlord Games, Mantic Games, da tagwayen nan masu sassaƙa, Alan da Michael Perry. A garin Newark da ke kusa ana yin manyan taruka irin su Partizan da Hammerhead, inda ake cika rumfunan baje koli da tebura. To, wasan shi ne a shimfiɗa filin daga a kan tebur mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu, kowane ɓangare ya jera sojojinsa, a bi ƙa'idojin da ke littafi, a jefa ƙwayar lido don a san ko harbi ya samu.

Biyu daga cikin teburan da na tarar a zauren shimfiɗar koren ƙyalle ce, mutane na sunkuye da tef ɗin awo. Na ukun, na Baba, shi ya bambanta. Gaba ɗayansa gidaje ne masu kusurwa shida, manne da juna kamar saƙar zuma, an lulluɓe su da ciyawar roba, ga kogi ya ratsa, ga tudu mai hawa biyu a gefe. Da aka tashi sai na ga ashe filin ba guda ba ne. Ƙananan alluna ne na roba, kowanne gida shida, kowane gida faɗinsa santimita 10, ana haɗa su da 'yan maƙalai ta ƙasa. Wani kamfani mai suna Kallistra da ke nan lardin ne ke yin su, sunan kayan Hexon. Cikin ɗan lokaci aka wargaza filin, aka ɗora allunan kan juna, suka shige akwatuna. Mako na gaba allunan nan dai aka sake haɗawa, amma kogin ya koma wani gefe, tudun ya rabu biyu, ya zama wata ƙasa daban.

Wannan tsari shi ya ba ni damar shiga, kuma ina so in bayyana dalili, domin ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo. A teburin ƙyalle komai awo ne da inci. Sojanka zai yi tafiyar inci shida, bindigarsa na kaiwa inci ashirin da huɗu, sai a ja tef, wani ya ce ya kai, wani ya ce saura ƙiris. Musu ne na raha tsakanin mutanen da suka daɗe da sanin juna, ana yin sa da sauri, cikin harshen mutanen yankin da kunnena bai gama kamawa ba. Baƙo ba ya iya shiga irin wannan musu. In ya yi shiru an ci shi, in ya yi magana yana tsoron a ce daga zuwansa ya fara gardama. A tebur mai gidaje kuwa ba abin musu. Sojan ƙasa gida biyu, mai doki gida uku ko yadda ƙa'ida ta ce, ka sa yatsa ka ƙirga kowa na gani. Daji gida ne, ko kana ciki ko ba ka ciki. A daren farko na yi wasa har ƙarshe ba tare da na buƙaci doguwar magana ba.

Akwai hikima a zaɓen kusurwa shida. In gidajen masu kusurwa huɗu ne, wanda ya bi ta kusurwa ya fi wanda ya miƙe cin ƙasa, kusan ninki ɗaya da rabi, alhali duka gida ɗaya aka ƙirga musu. Mai kusurwa shida yana da maƙwabta shida, kuma daga tsakiyarsa zuwa tsakiyar kowannensu nisa ɗaya ne. Kamfanin Avalon Hill na Amurka ya fara fitar da wasannin yaƙi a kan irin wannan taswira a 1961. Dabarar filin da ake harhaɗawa kuwa ta girme shi nesa. A 1812 wani Bajamushe, Reisswitz, ya miƙa wa sarkin Furusiya, wata tsohuwar masarauta ta Jamusawa, teburin wasan yaƙi mai fale-falen ƙasa da ake sauya wa wuri, ɗansa ya gyara ƙa'idojin a 1824 har rundunar ƙasar ta ɗauki abin don horar da hafsoshi. Baba ne ya ba ni wannan tarihi, a tashar bas.

Ba kowa ke son gidajen ba. Wani a ƙungiyar yana cewa layukan suna ɓata masa kyan fili, ƙasa ta gaske ba ta da zane, kuma sahun sojoji da ya kamata ya miƙe sai ya riƙa karkacewa. Yana da gaskiyarsa. Ni dai na fi son wasan da ake gamawa cikin awa biyu kowa ya tafi da farin ciki, musamman ga wanda zai kama bas na ƙarshe.

Ban shiga abin ido rufe ba. Ƙwayar lido da 'yan mutum-mutumi sun tsaya mini a rai, don na san akwai hadisi mai tsauri a kan wasan ƙwaya. Na tambayi wani malami a masallacinmu, ya yi mini bayanin inda malamai suka tsananta da inda wasu suka sassauta, ya ja kunnena a kan caca da wasa da lokacin sallah. A ƙungiyarmu ba a sa ko sisi, kuma zauren ba a shan giya a cikinsa, shayi ne da biskit. Da a mashaya suke haɗuwa kamar wasu ƙungiyoyin, da ban je ba. In magariba ta yi ina shiga ɗakin ajiyar kujeru in yi sallah, su dakata da wasan har in fito. Ban ce wannan fatawa ce ga kowa ba, kowa ya tambayi malaminsa.

Kuɗin sayen alluna na kamfani ba ni da shi, ga haya ga aike gida. Amma na lura kowa a teburin yana zuwa da wani abu: wannan bishiyoyi, wancan gidaje, wani gada. Ba na son zama mai zuwa hannu rabbana kullum. Sai Baba ya koya mini yin nawa. Ana samun soso mai tauri irin wanda magina ke sawa a bango don riƙe ɗumi, ragowarsa ma ana bayarwa kyauta. Ya ba ni gida ɗaya na katako in riƙa ɗorawa ina zagayewa da wuƙa mai sabon kaifi. Ya ce in kula da wuƙar ta tsaya cak, domin kuskuren milimita ɗaya a gida ɗaya ba ya ganuwa, amma in ka jera goma ya zama santimita guda, sai allonka ya ƙi zama da na mutane. Sai a shafa farin gam na kafinta, a barbaɗa yashi, a bari ya kwana. Washegari a yi masa fenti mai duhu, in ya bushe a ɗauko babban buroshi, a tsoma a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a riƙa shafawa sama-sama. Nan take kowane ƙwayar yashi sai ta fito, wurin ya zama ƙasa.

Babbar ƙa'idar ita ce ta kogi da hanya. Dole su shiga gida ta tsakiyar gefe, su fita ta tsakiyar wani gefen, da faɗi iri ɗaya a ko'ina. In ka kiyaye wannan, kogin da ka yi a ɗakinka zai haɗu da na wanda ya yi nasa shekaru da suka wuce a wani gari. Ɗakina ƙarami ne, gado da teburi da hita, amma allunan suna hawa kan juna su shige ƙarƙashin gado. Yammacin hunturu da a da nake kwance ina kallon silin, sai ya zama lokacin yanka da fenti.

Wani dare ana shirin wasan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo maganar Boma, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Na ce musu a garinmu akwai barikin soja mai suna Chindit, a Kaduna kuma akwai Kalapanzin, wanda sunan wani kogi ne a Boma. Tebur ya yi tsit, aka juyo ana kallona. Sun san Chindits sarai, dakarun da aka jefa bayan layin Japanawa a 1944, amma ba kowa a cikinsu ya san bataliya uku ta rundunar Najeriya na cikin wannan aiki ba. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, inda mota ba ta cika shiga ba, kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jeho su. Runduna ta 82 ta shiga yankin Arakan, aka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Da yawan sojojin nan 'yan Arewa ne, Hausa suke yi a tsakaninsu, hafsoshinsu Turawa ma sukan koye ta. Tun ina yaro nake jin tsofaffi na ambaton waɗanda suka je Boma, sai ga shi a nan ne na zauna na karanta labarin da kyau.

Muka ɗauki watanni muna shirya kwarin Kaladan. Ni na ɗauki kogin da gaɓarsa, na yi masa ruwa mai launin laka, Baba ya yi tuddai masu hawa uku, wani ya kawo dajin gora da ya haɗa da tsinken tsintsiya da ganyen roba. Na nace sai an sa masu dakon kaya a teburin, a kuma ba su ƙa'ida: rundunar da ta yi nisa da 'yan dakonta fiye da gida uku ba ta da harsashi. An yi jayayya, aka gwada, aka ga wasan ya fi ma'ana haka. Ranar da aka fara buga shi, ni aka ce in tsaya in yi wa mutane bayanin su wane ne waɗannan sojoji da inda suka fito.

Daga nan ne wata magana ta taso wadda har yau ba mu gama ta ba. Ɗaya daga cikinmu, mai son yaƙe-yaƙen zamanin mulkin mallaka, ya ce tunda na iya ƙasa, me zai hana in yi ganuwar Kano mu buga 1903. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ce masa an ci Kano a Fabrairun shekarar, Sakkwato a Maris, kuma a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗimbin jama'ar da suka bi shi hijira. Na ce a wurinmu wannan ba tsohon labari ba ne, akwai gidajen da suka san kakanninsu da suka kwanta a can. Shi kuma ya tuna mini cewa rundunar da ta yi wannan aiki ita ce dai wadda jikokinta na soja suka je Boma, kuma akwai Hausawa da yawa a cikin masu riƙe da bindigogin. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba.

Baba ya ce su ma suna buga gumurzun Somme na Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda kakan wasunsu ya mutu, kuma a ganinsa zama a kan filin na awa biyu ya fi mantawa da shi. Na ji maganarsa, ina girmama ta. Duk da haka na ce ganuwar zan iya yi, da ƙofa da gwalalo, don ina so su ga irin ginin da kakanninmu suka yi da jar ƙasa. Jefa ƙwaya a kan ko bindiga mai ruwa ta samu mahayan Sarkin Musulmi kuwa, wannan hannuna ba zai yi ba. Sun ce in yi ganuwar tukuna, sauran maganar a sake zama a kanta bayan azumi.