Kyamarar da Ta Yi Sallama Ba a Amsa Ba

Da hadda na ci jarrabawar sadarwar kwamfuta. Matakan OSI guda bakwai ɗin nan, da ke bayyana yadda saƙo ke tafiya tsakanin kwamfutoci, ko daga barci aka tashe ni sai na jero su. Amma a makon farko da na kama aiki, aka ce wata kyamarar tsaro ta ƙi hawa layi, sai ga ni tsaye a gabanta kamar ban taɓa shiga aji ba. Na kashe, na kunna, na canja waya, na sake kashewa.

Ogana ya iso, ko taɓa ta bai yi ba. "Wane adireshi ta samu?" Na duba, na ce ya fara da 169.254. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kyamararka lafiya lau take. Sallama ta yi, ba wanda ya amsa."

A ranar na gane mene ne DHCP, bayan na sha rubuta shi a takarda. Na'ura in ta shigo, ba ta da adireshin IP, sai ta yi shela ga kowa. Sabar DHCP ta yi mata tayin lamba, ita ta ce ta karɓa, sabar ta tabbatar, kuma aro ne na ɗan lokaci. Idan shiru ya yi yawa, na'urar kan laƙa wa kanta lamba daga jerin 169.254. Namu laifin ashe na rauta ne, na'urar da ke haɗa mu da intanet kuma take aikin sabar DHCP a wurinmu: lambobin da aka ware don rabawa sun ƙare.

Tun daga nan na daina kallon waɗannan gajerun sunaye a matsayin abin hadda. Kowanne amsar wata tambaya ce da na'ura ke yi. ARP na tambayar wa ke riƙe da wannan IP a cikin gida, a ba shi lambar MAC mai bit 48, wato lambar da na'urar ta zo da ita daga masana'anta. DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, shi ke mayar da sunan shafin intanet zuwa lambar IP. Shi ya sa in aka ce mini "intanet ta ɗauke", sai na fara aika ping, wato ɗan saƙon gwaji, zuwa 8.8.8.8, lambar wata saba ta Google. In ya dawo amma shafuka ba sa buɗewa, hanya na nan, mai fassara sunaye ne ya kwanta. TCP da UDP kuwa hanyoyin aika saƙo ne: TCP mai naci ne, sai ya ji an ce saƙo ya iso. UDP jefawa yake ya wuce, abin da ya fi dacewa da kiran murya, inda kalmar da ta makara ba ta da sauran amfani.

Wanda ya fi burge ni shi ne MQTT, tsarin aika saƙo tsakanin ƙananan na'urori. Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka ƙirƙiro shi a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda kowane ɗan saƙo kuɗi ne. Tsarinsa na dillanci ne: na'urar auna zafi ba ta san wa ke saurarenta ba, dillali kawai take kai wa labari, shi kuma ya raba wa duk wanda ya yi rajistar wannan batu. Sai dai ƙofarsa ta 1883, wato lambar mashigar da saƙonsa ke bi, a fili take tura komai. Mai son sirri sai 8883, inda TLS ke lulluɓe saƙon. Na daɗe ina amfani da ta farkon saboda sauƙi, kuma ba na alfahari da hakan.

Maganar ƙofofi ce ta mayar da ni kan kyamarar nan bayan watanni. Ina karanta yadda Mirai, wani mugun shirin kwamfuta, ya yi ɓarna a 2016: yana bin na'urori yana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23, ta Telnet, hanyar sarrafa na'ura daga nesa, yana gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Da rundunar kyamarori da rautocin da ya kama aka afka wa kamfanin Dyn a watan Oktoba, mutane da yawa a Amurka suka kasa shiga Twitter da Netflix, domin Dyn ke riƙe musu DNS.

Na tashi na bincika tamu. Ƙofa ta 23 a buɗe, suna admin, kalmar sirri admin. Ni na ɗora ta a kan layi da hannuna, har oga ya yaba mini.