Kujerar da Ta Hana Hajiya Tashi

Ranar da muka tare a sabon gidanmu na Hotoro, sai da aka cire ƙyauren falo kafin doguwar kujerata ta shiga. Ƙarti huɗu suka yi ta fama da ita, a kwantar, a tayar, a karkata, har ta kankare fentin bango ta bar guntun sassaƙarta a bakin ƙofa. Kujerun aurena ne, irin manyan nan da ake ce wa royal, masu dogon baya da ruwan zinare: mai cin mutum uku, mai cin biyu, da ƙanana guda biyu. A tsohon gida sun ƙawata ɗaki, don falon can fili ne. Na nan kuwa ƙafa 12 ne da 14.

Da aka gama jera su, abin da ya rage a tsakiya bai wuce shimfiɗar darduma biyu ba. Bayan doguwar ya tare rabin taga, to ku yi tunanin zafin Afrilu a Kano idan aka ɗauke wuta. Yara kullum cikin bugewa suke. In za ni kicin sai na karkace kamar mai ratsa cunkoson Kantin Kwari ana jajibirin Sallah. Haka na yi shekara guda ina haƙuri, ba don komai ba sai nauyin baki. Kayan ɗaki iyaye ne suka yi, kuma na san wahalar da Umma ta sha kafin a haɗa su. Ranar da na daure na gaya mata, dariya ta yi ta ce, "Ke kika san ɗakinki, mu namu mun gama." A satin na kira dillaliya ta zo ta yi musu kuɗi. Na yi asara, amma ba ita ce maganar yau ba.

A waya na ga irin waɗanda nake so. Gajerun kujeru ne, bayansu ƙasa-ƙasa, babu sassaƙa babu tarkace, kamar an ajiye katifa an yi mata jingina. Na ɗauki hoton na kai wa wani kafinta da maƙwabciyata ta haɗa ni da shi. Ya duba ya sake dubawa, ya ciro tef ya auna daga ƙasa zuwa inci 13, ya nuna mini da yatsa.

"Hajiya, nan fa mazaunin zai tsaya. Anya bai yi ƙasa ba?"

Na ce haka nake so, kuma kada ya sa ƙafafu, ya bar ta zaune daram a ƙasa kamar ta hoton. Na ƙara da cewa soson ya zama mai laushi sosai. Bai ƙara musu ba, ya karɓi kafin alƙalami, bayan sati uku aka kawo guda biyu, mai cin uku da mai cin biyu. Gaskiya ranar na ji daɗi. Taga ta fito gaba ɗayanta, haske ya shigo, maigidan ma da ya dawo sai da ya tsaya a ƙofa yana kallo kamar ya ɓata gida.

Kwana goma da kawo su surukata ta zo daga Gwarzo ganin likita. Hajiya tana da jiki, ga ciwon gwiwa da ya daɗe yana damunta. Na yi mata sannu da zuwa, na nuna mata doguwar kujera cike da alfahari. Tana zama soso ya lotsa, ta tafi ƙasa, gwiwoyinta suka ɗago suka fi ƙugunta tsawo. Ba ta ce komai ba, aka gaisa, aka ci abinci. Da aka kira La'asar ta yunƙura za ta tashi, ta koma. Ta dafa hannun kujera ta sake yunƙurawa, ta sake komawa. Sai da ni da jikanta muka kama ta hagu da dama muka ɗago ta, tana salati. Da ta tsaya da ƙafafunta ta waiwaya ta dubi kujerar ta ce, "'Yar nan, wannan kujera ce ko rijiya?" Sauran kwana uku da ta yi a gidan, a farar kujerar roba ta tsakar gida ta zauna. Kunyar da na ji har yau ban manta da ita ba.

Rashin ƙafafun ma ya zo da nasa. Hunturu na shigowa ƙura ta riƙa taruwa a gindin kujerun, tsintsiya ba ta shiga, sai an ja su gaba ɗaya. In an goge tayil kuma ruwan ya taɓa yadin ƙasa, har ya fara yin baƙi-baƙi ta gefe.

Na koma wurin kafinta ba tare da na ɗaga kai sosai ba. Bai ce "ai na gaya miki" ba, Allah ya saka masa. Ya sa ni na zauna a bencinsa ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwata, ya ce yawancin kujeru mazauninsu inci 17 zuwa 18 ne, don a nan ne tafin ƙafar mutum zai taka ƙasa ya kuma iya miƙewa ba tare da an ja shi ba. Abin da ban sani ba shi ne, awon da ke da amfani shi ne na bayan mutum ya zauna. Nawa inci 13 ne a ido, amma da zarar babba ya hau sai soso ya cinye uku ko huɗu, ya rage kamar mutum yana kan kujera 'yar tsuguno, ita kuwa 'yar tsuguno ko ba komai tana da tauri.

A nan na gane inda na yi kuskure. Na haɗa abu biyu na mayar da su ɗaya. Abin da ya buɗe mini falo gajartar bayan kujera ce da sirantar hannuwanta, mazaunin ba ruwansa. Tagata daga ƙasa ƙafa uku ce, wato inci 36. Duk kujerar da bayanta bai kai nan ba, ba za ta tare iska ko haske ba. Hannuwa kuwa sai da na zauna na yi lissafi na riƙe baki: kowane hannu na tsofaffin kujeruna ya kai inci 10, kujera huɗu hannu takwas, inci 80 ke nan, kusan ƙafa bakwai na bango da babu mai zama a kai. Na yanzu inci huɗu-huɗu ne.

Gyaran bai yi tsadar da na zata ba. Ya sa ƙafafun katako masu inci huɗu, ya cire soson mazauni ya sa mai ƙarfi, ya ɗora siriri mai laushi a sama. Mazaunin ya koma inci 17, bayan ya tsaya a 31, har yanzu ƙasa da taga. Ya kuma rage zurfinta da matasan jingina masu kauri, domin irin na hoton an yi su ne don a miƙe ƙafa a kishingiɗa, mu kuwa baƙuwa ba za ta zo gidan mutane ta baje a gaban manya ba. Da can gajerun mata in suka jingina ƙafarsu reto take yi.

Yadi na zaɓa ruwan ƙasa, ban yarda da leda ba, don na ga yadda take manne wa mutum da zafi, ta kuma fara ɓarewa bayan 'yan shekaru. Matasan duk da zif, ana cirewa a wanke. Talabijin ma sai da aka sauko da ita kaɗan, don inda aka kafa ta tun farko sai mutum ya ɗaga wuya.

Akwai abin da gajeren baya ba zai taɓa ba ka ba, wato wurin jingina kai. Maigidan ya yi ta mita, shi da ke gyangyaɗi a gaban ƙwallo. Ƙarshenta muka sa aka yi guda ɗaya mai dogon baya da hannuwa masu ƙwari, aka ajiye ta a lungun da babu taga. Kafin a yi ta na zana girmanta da alli a kan tayil, muka yi kwana biyu muna kewaye zanen mu ga ko zai tare hanya. Da na yi wannan dabarar tun farko da ban sha wahala ba. A ranakun da babu baƙi tasa ce, in Hajiya ta zo kuwa ko kusa ba ya zuwa.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce 'yan uwa suka cika gidan. Mutum shida a kujeru, sauran mata da yara a kan kafet an sa tiren tuwo a tsakiya, da lokacin Azahar ya yi mata huɗu suka yi sahu ba a matsar da komai ba. Hajiya na kan kujerarta ta lungu, ta tashi da kanta ta yi alwala ta dawo. Gwaggona ce dai ta yi ta waige-waige, can da za ta tafi ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, "Wai sauran kujerun yaushe za a kawo? In kuɗi ne suka yanke ki gaya mini."