Ai Mutumina Ne

A majalisarmu ta gindin mai shayi akwai wani yayanmu da ba a taɓa ambatar babban mutum ya ce bai san shi ba. Salonsa ne ke burge ni. Ba ya cewa Alhaji Aliko Ɗangote kamar kowa. "Aliko" kawai yake cewa, a taƙaice, sai ka ɗauka ƙaninsa ne da ya saba aika sayo goro. In ya faɗa sai ya kurɓi shayi, ya bar mu mu juya maganar.

Daren da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, muna fitowa daga gidan kallo ya ce ai tare suka taso suna buga ƙwallo a Jos. Wani yaro mara kunya ya ce, "Yaya, a 1992 fa aka haife shi, lokacin ba ka riga ka yi aure ba?" Ko gezau. Ya ce to ai koya masa yake yi.

Wayarsa ma ba ya kifa ta. Ajiye ta yake a kan benci fuska sama, don in kira ya shigo kowa ya ga "Mai Girma". Mun daɗe kafin mu gano mai gyaran babur ɗinsa ne.

Na sha yi masa dariya, amma ban ga laifinsa sosai ba. A garin nan sunanka kaɗai ba ya buɗe ƙofa, kuma albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Je ka ɗaurin auren manya ka ga yadda ake ture juna don a tsaya bayan mai babbar riga, gobe hoton ya fito a Facebook an rubuta "ni da maigidana".

Ni ma na taɓa gwadawa. Bara na yi kwana uku ina zarya a wani ofis kan takardar ƙanwata, kullum sai a ce in dawo gobe. Rana ta huɗu haƙurina ya ƙare, na jefa sunan wani darakta da muka taɓa yin musabaha sau ɗaya tak a wurin jana'iza. Na ce shi ya turo ni. Nan take masinja ya miƙe ya ba ni kujerarsa, har da ruwan leda. Wallahi sai da na ji kaina ya ɗan kumbura.

Aka shigar da ni wurin jami'in. Ya washe baki, ya ce, "Allah sarki, ai kawuna ne! Bari in kira shi ku gaisa."

Ya danna, ya sa a lasifika, ya ajiye a kan tebur tsakaninmu. Tana ƙara, ni kuma ina karanta duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo. Sai muryar matar nan ta kamfanin waya ta ce lambar a kashe take.

"Ba komai," in ji shi, "zauna, mu sake gwadawa bayan azahar."